Shirun Aku a Aji Biyu

Asabar, mako na biyu da komawa makaranta

Zuwa ga Maman Aku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, karatun ungozoma kuma yana shiga. Yaya gajiyar asibiti, yaya tsayuwa a ɗakin haihuwa? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarki da kuma zafin da ya sako mu gaba. Fankar ɗakinmu tana juyawa dai, amma iskar da take bayarwa kamar daga murhu ta fito.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Kin san halin 'yarki. Ina ɗaga waya za ta manne min a gefe, ta baza kunne, ta riƙa gyara min zance. Maganar da ke bakina kuwa ba ta gabanta ba ce. Shi ya sa na share garin katako daga kan teburin shago na zauna rubutu. Direban da ke kai muku kaya zai miƙa miki.

Kafin in shiga maganar, ki sani na yi mata kitso ranar Lahadi. Ta daɗe tana kallon madubi, sannan ta ce tsagar ta yi kama da hanyar da ruwa ya ci. Gwaggonta ta ce in riƙa kai mata ita, na ƙi. Mutumin da ke haɗa kabad mai ƙofa huɗu ba zai kasa haɗa silin gashi uku ba.

To, Likita, ga abin da ya sa ni rubutu. Kin san littafin saƙon nan mai shuɗin bango, wanda Malamarsu ke rubutu a ciki duk Juma'a, ke kuma ki sa hannu? Ni ban taɓa buɗe shi ba. Kullum cewa nake harkar makaranta taki ce, ni tawa zarto da guduma. Saƙonnin waya ma da makaranta ke turo wa iyaye duk lambarki suke zuwa. Makon jiya ina zazzage jakarta na tsince shi a ƙasa, an rubuta cewa ana son ganin uwa ko uba. Sai na koma shafin farko na karanto shi har ƙarshe. Tana da tsafta, rubutunta yana da kyau, ba ta yi magana ba. Ta gama lissafinta kafin kowa, ba ta yi magana ba. Zango biyu cur, mako bayan mako, maganar ke nan. A ƙarƙashin kowanne ga sa hannunki, wani lokaci har da amsarki cewa muna ƙoƙari. Muna, kika rubuta, alhali ke kaɗai kike ƙoƙarin.

Na tuna kin gaya min tun bara. Ina cin abinci na yi dariya, na ce yarinyar da muka laƙaba wa Aku saboda surutu ita ce za a ce ba ta magana? Na ce kunya ce, za ta sake. Ba ki sake tayar min da zancen ba. Ki yafe min. Kunya ta kama ni ƙwarai da na karanta littafin nan.

Ranar Litinin na rufe shago na je. Malamar mace ce mai natsuwa, ba ta da hayaniya. Ta ce in ana kiran suna Aku hannu take ɗagawa. In tana son fita bayi sai ta je ta tsaya a bakin ƙofa har a lura da ita. Ko da ƙawarta da suke benci ɗaya, da ido da gwiwar hannu suke hira. Sannan ta faɗa min abin da ya sa ta neme mu. A makon ƙarshe na wannan zangon kowane ɗan aji biyu zai karanta shafi guda da baki a gaban malamarsa. Wanda bai karanta ba zai maimaita ajin. Na ce mata yarinyar nan tana karanta kwalin shayi, tana karanta allunan shaguna, ita ke karanta min takardar awon katako in hannuwana suna cikin aiki. Raina ya soma ɓaci, muryata ta ɗan hau. Sai ta ce:

"Baban Aku, ban ce ba ta iya ba. Cewa na yi ban taɓa ji ba."

Saura mako tara. Na yi alƙawari, ga shi kuma a rubuce don ki riƙe ni da shi: yarinyar nan ba za ta maimaita aji saboda abin da ta iya ba. Ke dai ki mai da hankali kan karatunki, kada ki ce za ki taho.

Gwaggonta tana gaishe ki. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Baban Aku


Lahadi, mako na huɗu

Zuwa ga Maman Aku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ciwon bayan da kika ce yana damunki kuma ya yi sauƙi. Amsarki ta iso. Na karanta tawa, Aku kuma ta karanta wadda kika rubuto mata sau uku da ƙarfi, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga tana tambaya ko rediyo muka saya.

Kin ce in bi ta a hankali. Na ji. Amma kin san ni da son gano inda abu ya ɓaci kafin in sa masa ƙusa. Yanzu ni ke raka ta makaranta kowace safiya, na daina haɗa ta da yaran maƙwabta. Daga ƙofar gida za ta fara: mafarkin da ta yi, kyanwar da ta haihu a bayan shago, dalilin da ya sa takalmin hagu ya fi na dama matse ta. Ba ta ko tsayawa haɗiyar yawu. Kin san falwayar wutar lantarkin nan ta kwanar makaranta, wadda aka ɗaure wa tsohuwar taya? Muna isa gindinta za ta yi tsit, ko da a tsakiyar kalma take. Rannan tana ba ni labarin kyanwar, ta ce "sai ƙaramar ta" ta tsaya. Da na ɗauko ta bayan an tashi, muna wuce falwayar ta ɗora daga nan daidai, wai sai ƙaramar ta faɗa cikin bokiti. Na rasa abin yi, dariya ko kuka.

Na gwada lallashi. Na ce zan yi mata ƙaramin gado na 'yar tsana in ta gaishe da Malama. Ta ce to, ba ta gaishe ta ba. Na gwada faɗa, Allah ya sani sau ɗaya ne. Ta sunkuyar da kai ta ce ba ƙi take yi ba, wai in ta shiga makaranta maganar tana zuwa har maƙogwaro sai ta maƙale, kamar an rufe ƙofa da sakata daga waje. Daga ranar ban sake ɗaga mata murya a kan wannan ba.

Na je wurin Shugabar makaranta ma. Sai da na zauna a bencin ofishinta kusan awa guda, ina kallon iyaye suna shiga suna fita, wannan ɗansa ya ɓatar da hula, waccan tana ƙorafin an hana 'yarta ruwan sanyi. Bencin yana rawa, na duba ƙasansa na ga ƙusa biyu sun fita. Da na shiga ta saurare ni tsaf, ta ce ba ta ƙi ta tawa ba, amma doka ce: sai malamar aji ta ji karatun da kunnenta kafin ta sa hannu. Ta ce in ta ɗaga wa ɗaya, gobe iyaye talatin za su yi layi a ƙofarta.

To tunda ji ake so, na samo dabara. Zan ɗauki muryarta a waya tana karatu a gida, in kai musu su ji. Ba zan gaya mata ba, don kada ta noƙe. Na san za ki ce in jira mu yi shawara, amma kafin amsarki ta zo na riga na gama. Ki zuba ido ki ga aikin kafinta.

Ki gaishe da abokan karatunki.

Naki,
Baban Aku


Alhamis, mako na biyar

Maman Aku,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu ma jikinmu lafiya, amma gidan babu daɗi, kuma ni na jawo.

Na yi abin da na ce. Ranar Asabar na ajiye waya a ƙarƙashin hulata a kan tebur, na ba ta littafin karatunsu na ce ta karanta min ina goge falanki. Ta karanta shafi biyu tas, har tana canza murya in ta zo wurin da akuya ke magana. Ranar Litinin da aka tashi na shiga ajin da ita a hannuna, ina ji da kaina. Akwai sauran yara huɗu ko biyar da ba a zo ɗauka ba. Ban ko tsaya tunani ba, na ce Malama ta saurara, na danna.

Muryar Aku ta cika ajin. Yaran suka taso suka kewaye ni, ɗaya yana cewa ashe tana magana, wani yana kwaikwayon muryar akuyar. Ba da mugunta suka yi ba, yara ne. Malama ta miƙo hannu da sauri ta ce in kashe. Da na waiwaya, Aku ta zare hannunta daga nawa, ta koma bayan ƙofa ta juya fuska ga bango, ta toshe kunnuwa da hannu biyu.

Muka fito, muka wuce falwaya, ina jira ta soma. Ba ta soma ba. Muka iso gida shiru. Yau kwana huɗu ke nan, Likita, 'yata ba ta yi min magana ba. Tana ci, tana wanka, tana aikin gida, in na tambaye ta abu sai ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Shi ya sa na ce miki ta yi barci da kika kira shekaranjiya, ƙarya na yi miki. Jiya na ji tana yi wa kyanwa magana ƙasa-ƙasa a bayan shago, ina leƙawa ta yi shiru. Wato yanzu ni ma na zama makaranta. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Abin haushi kuma, Shugaba ta ce murya a waya ba ta shiga lissafin jarrabawa. Na tona wa yarinya asiri a banza.

Jiya da yamma na zaunar da ita na ba ta haƙuri. Na ce na saci muryarta ba da izininta ba, kuma babba ma yana yin laifi. Na miƙa mata wayar na nuna mata inda za ta danna, ita da kanta ta goge. Na yi mata alƙawarin ba zan sake yi mata wani shiri a ɓoye ba. Ta kalle ni ta tashi ta tafi.

Ki yi min faɗa in kina so, na cancanta. Amma ban janye ba. Saura mako shida.

Mijinki mai laifi,
Baban Aku


Asabar, mako na takwas

Zuwa ga Maman Aku,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan jarrabawarku ta gwaji ta zo da sauƙi. Na ga faɗan, shafi biyu gaba da baya, ban san kina da tawada haka ba. Na karɓa. Na gode kuma da layin ƙarshe.

Kin riga kin ji muryarta a waya, amma ban gaya miki yadda ta dawo ba. Ranar Lahadin da ta biyo baya ina yi mata kitso, na ja gashin ya yi yawa. Sai na ji an ce, "Ba haka Mama ke yi ba." Na yi kamar ban ji wani abin mamaki ba, na ce to yaya take yi. Ta nuna min. Na ƙarasa kitson, ya fi na kullum karkacewa.

Yanzu ga inda muke. A littafin saƙo na makon da na yi ɓarnar nan Malama ba ta rubuta cewa ba ta yi magana ba. Tambaya ta yi: a ina Aku ta fi sakin jiki ta yi karatu? Na amsa mata a ƙasa cewa a shago, in tana karanta min awo ina yanka. Mako na gaba ta rubuto cewa bencinan ajinta rabinsu suna rawa, tagogi biyu ba sa rufuwa, ko akwai kafinta a cikin iyaye? Na fahimci inda ta dosa. Matar nan ta fi ni dabara nesa ba kusa ba.

Na cika alƙawari, na gaya wa Aku komai. Na ce zan riƙa gyara a ajinsu bayan an tashi, ina son mai karanta min aikin, kuma gaskiya ina fata wata rana Malama ta ji ta. Na ce in ba ta iya ba ta nuna min da yatsa, ba wanda zai matsa mata. Ta yi tunani ta ce sai dai in babu kowa.

Haka muka fara. Ƙarfe biyu saura, in yara sun watse, maigadi zai buɗe min in shigo da akwatin kayan aiki. Malama tana rubuta abin da ya lalace a kan allo kafin ta fita, da manyan baƙi irin na koyarwa. Benci na uku a layin taga, ƙafarsa ta baya tana rawa. Sakatar tagar gabas ta karye. Ni kuma in ba allon baya, in ce hannuwana a cike suke. Ranar farko da yatsa ta yi ta nuna min benci. Rana ta biyu ma haka. Kwanon ajin ya ɗau zafi, gumi yana ɗiga daga haɓata a kan katako, ban matsa mata ba. Rana ta uku ina buga ƙusa na ji wani abu kamar kukan sauro a bayana. Na ci gaba da bugawa. Layin farko na allo take karantawa, a cikin ajinsu, da bakinta.

Tun daga nan muke matsawa kaɗan-kaɗan, kuma kowane mataki sai an tambaye ta. Malama ta rubuto a littafi ko za ta iya zama a baranda tana duba littattafai, Aku ta karanta saƙon da kanta ta ce to. Kwana biyu murya ta ɗauke, rana ta uku ta dawo. Daga baranda Malama ta dawo bakin ƙofa. Yanzu tana zama a teburinta, kanta a sunkuye a kan jan biro, kamar ba ta san da mu ba. Abin da ta rubuta a allo ma ya soma tsawo. Jiya har da labarin yadda benci na bakwai ya karye, wai wani yaro ne ya hau yana kamun fara. Aku tana karantawa, amma sai ta matso kusa da kunnena, kuma sai guduma tana aiki.

Matsalata yanzu ɗaya ce, kada ki yi dariya. Aikin ya kusa ƙarewa. Benci goma sha shida ne suka lalace, na gyara goma sha huɗu, duk da ina jan ƙafa kamar leburan da ake biya kuɗin yini. Ƙusa ɗaya sai in auna ta sau uku. Har zuciyata ta raya min in sassauta ƙafar wanda na riga na gyara, na tuna na yi alƙawarin daina ɓoye-ɓoye. Na rubuta wa Malama gaskiya. Ta amsa cewa akwai kabad ɗin littattafai, akwai aljihun teburinta, in duk sun ƙare akwai bencin ofishin Shugaba. Na ce wannan na san shi, mun taɓa zama tare.

Masu kawo min aiki shago suna ta ƙorafi ina rufewa da rana. Wani da ya ba ni aikin gado ya zo sau biyu. Na ba shi haƙuri na ce bayan hutu. Saura mako uku.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Naki har kullum,
Baban Aku


Juma'a, makon ƙarshe

Zuwa ga Maman Aku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe ki, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Na hana Aku gaya miki a waya, ta hana ni ni ma, muka yi yarjejeniya a rubuta. Ta ce in rubuta duka, har da wurin da na yi abin kunya.

Tun makon jiya Shugaba ta yarda a yi wa Aku tata jarrabawar bayan an tashi, amma da sharaɗi: daga littafin karatu, shafin da Malama ta zaɓa, kuma Malama ta ji kowace kalma. Na je na gode mata, na gyara mata bencin ma.

Ranar Talata wani abu ya faru. Ina auna ƙofar kabad, tef ɗina ya zube a ƙasa, Malama ta taso za ta ɗauki alli ta taka shi ba ta sani ba. Ina ja yana ƙi. Sai Aku ta ce, "Malama, kin taka mana tef." Ita kanta ta firgita da jin abin da ya fito daga bakinta. Malama ko kallonta ba ta yi ba, ta ɗaga ƙafa ta ce yi haƙuri, ta wuce wurin allo. Amma na ga ta daɗe tana goge allon da babu komai a kansa.

Jiya Alhamis ita ce ranar. Da safe ba ta iya shan shayi ba. Tun kafin falwaya ta yi shiru. Da aka tashi na shigo da akwatina, aikin da ya rage shi ne aljihun teburin Malama, shi ma tun shekaranjiya ya gyaru. Na zauna a ƙasa a gefen teburin. Malama ta buɗe littafi ta miƙa mata. Aku ta tsaya riƙe da shi. Na ajiye guduma don kada in dame su. Ajin ya yi tsit, ana jin maigadi yana shara a waje. Minti ɗaya, biyu, wataƙila biyar. Na ga leɓenta yana motsi, babu abin da ke fita. Na ce a raina shi ke nan, mun zo har bakin ƙofa. Sai ta sunkuyo wurin kunnena ta ce:

"Baba, ka ci gaba da bugawa."

Babu abin da zan buga. Na lalubo wani guntun falanki a akwati, na ɗora a ƙasa, na kafa masa ƙusa. Ina bugawa ta fara. Malama ta jawo kujerarta har kanta ya kusa taɓa na Aku don ta ji. Ƙusa ta shige, na ɗauko wata. Labarin wata yarinya ne da ta shuka wake a gwangwani. Ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya, amma na riƙa rage ƙarfin hannuna a hankali, ita kuma muryar tana fitowa. Wajen ƙarshen shafin ban san lokacin da na daina bugawa ba. Layi uku na ƙarshe ta karanta su babu guduma, muryar nan tata ta gida, wadda ke hana mu barcin rana.

Malama ta rufe littafin ta ce madalla, kamar yadda za ta ce wa kowane yaro. Ni ne na ba da kunya. Na ce garin katako ne ya shiga min ido, alhali ko zarto ban taɓa ba ranar. Aku ta ce in rubuta miki wannan, ga shi na rubuta.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ba a gama ba. Har yanzu ba ta magana in yara suna aji. Malama ta ce za ta zauna da malamin aji uku kafin a dawo hutu, ni ma zan je, na kuma ba ofis lambata su haɗa da taki. Ajin uku ma na leƙa, bencinansu sun fi na aji biyu lalacewa, na ji daɗin ganin haka. Yau da safe kuma mun wuce falwaya tana ba ni labarin kyanwa, ba ta tsaya ba sai a bakin ƙofar makaranta.

Guntun falankin yana nan a kan teburin shago, na hana a taɓa. Ƙusa talatin da ɗaya ne a jikinsa, wasu a karkace, aikin da in wani ya yi min shi zan kore shi. Ki zo ki gani.

Littafin saƙo ya dawo yau. Shafin ƙarshe layi biyu ne kawai, bari in kwafe miki su yadda suke: "Ta wuce zuwa aji uku. Na ji muryarta, tana da daɗi." Na sa hannu a ƙasa, na matsa gefe na bar miki wuri, don ke kika fara sa hannu a littafin nan tun ina dariya.

Sai kin iso ranar Laraba. Za mu zo tasha mu tarye ki, kitson da za ki gani a kanta kuma kada ki ce komai.

Mijinki,
Baban Aku